Kujerar Inna a Bakin Teku

Shafi na 14

Masu damuna da saƙo tun safe, wai na bar Bilkisu da dutse a ƙirji na yi tafiyata, to ga shi. Ni kaina sai da na ajiye wayar na share ido kafin na ƙarasa rubutawa.

*

Bilkisu ce ta roƙi Awawu ta bar mata yankan albasa. Ko an ga hawaye a fuskarta, ba mai tambaya.

Tana zaune a matakalar karafan, ɗakin nan mai taya da mijinta Muttaka ya jawo da mota tun daga Doha har bakin tekun Sealine. Aikinsa ke nan duk lokacin sanyi. Ya jawo wa iyalan Larabawa, ya kafa musu rumfa, ya cika tankin ruwa, ya tada janareta, ya shimfiɗa darduma, sannan ya ja jiki kafin masu wuri su iso da 'ya'yansu. Bana ne kafil ɗinsa, Balaraben da yake yi wa aiki, ya ce ya ɗauki guda, shi ma ya kwana biyu da nasa iyalin tunda sun zo masa daga Najeriya.

Mutum uku ya nema wa biza: matarsa, 'yarsa Na'ima, da mahaifiyarsa Inna.

Biyu suka sauko daga jirgi.

Awawu ta tsuguna kusa da ita da kwanon kifi. Matar Bawah ce, aminin Muttaka da ke aikin gadi a Lusail, mutanen zangon Kumasi. Tantinsu na kafe a gefen karafan ɗin.

"Sista Bilkisu, albasa ya isa haka."

"Bari in ƙara ɗaya."

"Gobe ne kawai. In mun koma gari Bawah zai kira liman, a zaunar da shi a gaya mishi. Ki daure."

"Awawu, na kasa kallon idonsa. Ɗazu da suka dawo daga Juma'a, ce min ya yi ya roƙa wa Inna sauƙin ƙafa." Ta ɗauki wata albasar. "Matar da ni na rufe mata ido ranar Laraba."

"Yi shiru. Ga shi nan."

Ga shi kuwa tafe daga wajen mota, ya naɗe ƙafar wando, ya rungumo wata kujera mai naɗewa, ko ledarta ba a cire ba. Ya buɗe ta a kan rairayi, ya juya fuskarta wajen ruwa, ya danna ta ya ji ta zauna daram.

"Maman Na'ima, kalli nan. Mai hannu ce, ga wurin miƙe ƙafa. Tunda Inna ta ƙi zuwa, hoton kujerar zan ɗauka in tura mata, ta ga abin da ciwon ƙafa ya ja mata."

Bilkisu ta ce, "Uhm."

"Kin san me ta ce min? Wai ƙarya nake, babu ruwan da ba a hango ƙarshensa. Wai in ya kai dam ɗin Zobe za ta ba ni goro." Ya yi dariya shi kaɗai, ya ɗaga waya ya ɗauka. Sai dariyar ta ragu. "Har yanzu wayarta a kashe."

"Ai na ce maka ta faɗa randa."

"To shi Yaya Gado fa? Na kira, na kira, sai dai ya rubuto min 'muna lafiya'. Yaushe Yaya ya koyi rubutu a waya?"

"Ƙila sabis ne."

Ya tsaya yana kallonta.

"Albasar garin nan akwai yaji," ya ce. "Tashi ki wanke ido, kin yi jawur." Ya juya. "Na'ima! Zo mu je, 'yar Abba."

Yarinyar ta taho da gudu. Tana tatata ya bar ta, yanzu har ta yi giɓi, haƙoran gaba sun faɗi. Jiya duk noƙewa take yi a bayan uwarta, yau ce ta fara sakin jiki da shi. Ya ɗaga ta ya aza a kafaɗa suka nufi bakin ruwa.

Yamma ta yi daɗi. Can gaba wasu samari na ta hawa tudun yashi da babura masu taya huɗu. Ƙamshin gashi na tashi daga kowane zango. Kusa da su wasu yaran Larabawa sun kwantar da ƙanensu suna zuba masa rairayi, kansa kaɗai ke waje, yana ta ƙyalƙyala dariya.

"Kin ga wasan da ake yi a nan? Zauna in yi miki."

Ta zauna ta miƙe ƙafafu. Ya fara tara rairayi da hannu biyu yana zubawa. Ya rufe tafin ƙafa. Ya rufe ƙwauri. Da ya kai gwiwa sai yarinyar ta daina dariya.

"Abba, bari."

"Saura kaɗan, ki ga yadda za ki koma kifi."

"Abba, bari!"

"Tsaya mana..."

Ta fasa wata irin ƙara da ta sa yaran Larabawan suka waiwayo. Ta shiga shure-shure tana watsa rairayi.

"Kada ka rufe ni! Kada ka rufe ni kamar Inna!"

Hannunsa ya tsaya a sama, rairayi na zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Kamar wa?"

"Yaran gidan Baba Gado suka ce an rufe ta da ƙasa. An naɗe ta a tabarma aka fita da ita, ba ta dawo ba. Mama ta ce kada in..."

"NA'IMA!"

Bilkisu ce. Ta taho a guje, wuƙar albasa har yanzu a hannunta.

"Me na ce miki? Me na ce miki a jirgi?"

Da shiru ta yi, ƙila da ya ce shirmen yara ne. Wannan tsawar ce ta gaya masa komai.

Ya miƙe a hankali.

"Bilkisu."

Rabon da ya kira sunanta kai tsaye har ta manta.

"Baban Na'ima, ka zo mu shiga ciki."

"Ina Inna?"

"Ka zo mu zauna, don Allah."

"Tambayarki nake. Ina uwata?"

Wuƙar ta suɓuce ta faɗi. Ta durƙusa a kan rairayi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi mata rasuwa."

Ya kalli ruwa. Ya kalli hannunsa. Leɓɓansa na motsi da salati amma sauti ba ya fita.

Na'ima ta kama gefen zanin uwarta tana kuka. "Mama, ban faɗa ba, shi ne ya..."

Bilkisu ta fizge zaninta.

"Kin ga abin da kika jawo? Tashi ki ba ni wuri! Wuce ciki!"

Yarinyar ta saki. Ta ja da baya tana kallon ubanta ko zai ce wani abu. Bai ko san tana wurin ba. Ta juya ta tafi tana jan ƙafa.

"Yaushe?" ya ce.

"Laraba."

"Laraba da yaushe?"

"Bayan azahar."

Ya gyaɗa kai kamar an ba shi saƙon aiki.

"Laraba bayan azahar ina unguwar Al Asmakh. Ina shagon wani Ba'indiye muna jayayya a kan kujerar can. Na ce masa ta tsohuwata ce, ya nemo min mai laushi. Har zama na yi a kai na gwada mata."

"Baban Na'ima..."

"Ashe lokacin ana yi mata wanka."

"Ka yi haƙuri."

"Kin sauko daga jirgi kin yi min murmushi."

"Wallahi ba..."

"Na tambaye ki ina Inna, kika kalli tsakiyar idona kika ce ƙafa ce ta tashi, likita ya hana ta tafiya."

"An sa ni ne."

"Jiya na yi rawa, Bilkisu! A nan wurin! Na kunna waƙa na yi wa yarinya rawa, kina tafa min. Na ci, na sha, na yi barci har da minshari. Uwata tana kabari!"

Muryarsa ta kai har tantin Bawah. Ya taso daga wajen wuta da mafici a hannu, Awawu na biye da shi. Yana isowa bai tambayi me ya faru ba. Ya ajiye maficin kawai ya cire hularsa.

Muttaka ya kalle shi.

"Kai ma?"

"Ɗan'uwa..."

"Bawah, kai ma ka sani?"

"Yaya Gado ya kira ni," in ji Bawah, da Hausarsa ta zango wadda ba ta raba mace da namiji. "Ya ce tsohuwa ya tafi. Ya ce in tsaya kusa da kai."

"Shi ya sa ka canza duti. Ni kuwa ina ta murna, wai abokina ya bar aiki don ya taya ni hutu."

"Ka tuna bara da ka faɗi a wurin aiki? Likita ya ce jininka ya hau, kada a tada maka hankali. Yanzu ga ka da tuƙi a cikin yashi, ga mata, ga yaro a mota. Yaya Gado ya ji tsoro. Ni ma na ji."

"Ɗazu a sahu kafaɗarka na jikin tawa. Ka ji ina roƙa mata lafiya. Ka ce amin."

Bawah ya sunkuyar da kai.

"Na ce amin."

"Ko sallar gawa ba ku bari na yi mata daga nan ba. Ko Ƙulhuwallahu ɗaya. Kowa a garinmu ya zauna mata zaman makoki, ni ɗanta ina bakin ruwa ina gasa kifi."

Ya shafa aljihu, ya ciro makullin mota, ya nufi inda ya ajiye ta. Bawah ya sha gabansa.

"Ina za ka?"

"Filin jirgi."

"Fasfo ɗinka na ɗaki a Doha."

"Zan biya in ɗauka. Matsa."

"Ba za ka tuƙa haka ba."

"Na ce ka matsa!"

"Ka buge ni in ka so. Khalas, magana ya ƙare, ban matsawa." Ya kama hannun da ke riƙe da makullin. "Ka je ka tarar da wa, Muttaka? An riga an rufe."

Ya tafi luu, Bawah ya tare shi, suka zube tare a gefen kujerar. Ya kama hannun kujerar ya kifa goshinsa a kan ledar. Kukan da ya fito daga ƙirjinsa ba irin na manya ba ne. Awawu ta juya baya ta toshe baki da mayafi.

"Na ce mata bana," yana faɗa yana haɗiyar numfashi. "Kullum sai in ce mata bana zan zo. Bana, bana. Da na ga ba zan samu zuwa ba na ce to ita ta zo. Na zaɓi karafan mai gajeriyar matakala saboda gwiwarta. Na gyara mata gadon da ke jikin taga..."

Bilkisu ta rarrafo ta zauna nesa da shi kaɗan. Ba ta yi gigin taɓa shi ba.

Sun jima a haka. Rana ta yi ja, ta fara sauka bayan tuddan yashi. Iska ta ƙara sanyi.

Can ya ɗago, bai kalle ta ba.

"Ta sha wahala?"

"A'a. Da safe ta ce ƙirjinta ya yi nauyi. Jakarta ma a ɗaure take, ta sa maka kuka da daddawa da yajin da kake so. Kafin Yaya Gado ya samo mota ta ce a kwantar da ita."

"Wa ke wurin?"

"Ni. Kanta a cinyata yake."

"Ta yi kalmar shahada?"

"Ta yi. Da bakinta, ba wanda ya laƙƙana mata."

"Alhamdu lillahi." Ya share fuska da tafin hannu. "Ta ambace ni?"

Bilkisu ta kawar da kai.

"Ki gaya min. Ko faɗa ta yi, ki gaya min."

"Baban Na'ima, ba Yaya Gado ne ya fara cewa a ɓoye maka ba."

Sai yanzu ya juyo.

"Ita ce. Ta riƙe hannuna ta ce, 'Bilki, in na tafi kada ku fasa tafiyar nan.' Na ce Inna ki daina wannan magana, tare za mu hau jirgi. Ta ce, 'Saurara. Yaron nan ya gaji da yi wa 'ya'yan wasu shimfiɗa. Ku bar shi ya kwana biyu da tasa 'yar, ya yi dariya. Kuka ba ya gudu, zai same shi. In kun koma gari kya gaya masa.' Ta sa na ce na yi alkawari. Na ƙi. Ta ce ba za ta yafe min ba in ban ce ba."

Hawaye ya sake ɓalle masa.

"Ni kuma me zan yi?" Bilkisu ta ce. "An kai ta da la'asar, washegari da asuba Yaya ya sa mu a mota. Ko addu'ar uku ban zauna ba. Mata na kallona, wai surukarta ta mutu jiya ita ta ɗau jaka za ta yawon shan iska. Na shigo jirgi ina kuka, na sauko ina murmushi. Abincin da ka ga ina ci, bayan karafan nake zagayawa in amayar. In na faɗa maka na ci amanar mamaciya. In na yi shiru na ci taka. Ka gaya min wanne zan ɗauka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni ma uwata ce. Shekarun nan da ba ka nan, ɗaki ɗaya muke kwana. Ita ke ɗaure min kai in zazzaɓi ya kama ni. Ban samu na yi kukanta ba, Baban Na'ima. Ko sau ɗaya ban yi shi da ƙarfi ba."

Ya daɗe yana kallon rairayin da ke tsakaninsu. Sannan ya miƙa hannu ya ɗora a kan nata.

"Yi yanzu," ya ce.

Ta kifa kai a gwiwa ta saki kukan. Awawu ta zo ta rungume ta ta baya. Bawah ya zare makullin daga hannun Muttaka ya sa a aljihunsa, ba wanda ya hana shi.

Daga wani zango can gaba wani ya ɗaga murya ya kira sallar magariba. Fitilun karafan-karafan suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya.

"Tashi mu yi alwala," in ji Bawah. "Mu yi magariba, mu yi mishi addu'a. Yalla, mu je, ɗan'uwa."

Muttaka ya dafa kujerar ya miƙe da ƙyar.

"Kira min Na'ima tukuna."

Bilkisu ta ɗago.

"Kin yi mata tsawa, ni kuma ko kallonta ban yi ba. Yarinyar ba ta yi laifi ba. Ita kaɗai ce ta gaya min gaskiya. Kira ta in rungume ta."

Bilkisu ta share ido da bakin mayafi ta nufi karafan.

"Na'ima. Fito, Abba na kira."

Shiru.

Ta hau matakala ta tura ƙofa. Ta kunna fitila. Gadon sama babu kowa. Gadon jikin taga a gyare yake yadda aka bar shi. Ta buɗe ɗan banɗakin. Ta leƙa ƙarƙashin tebur.

"Na'ima, ba zan dake ki ba. Fito."

Ta fito ƙofa.

"Awawu, tana tantinku?"

"A'a. Ni na ɗauka ya shiga ciki."

Awawu ta ruga ta ɗaga bakin tanti. Babu. Bawah ya zagaya bayan karafan, wajen janareta da tankin ruwa. Ya leƙa cikin mota, ya leƙa ƙarƙashinta.

"Na'ima!"

"NA'IMA!"

Muttaka ya nufi zangon Larabawan da yaransu ke wasa ɗazu, yana haɗa Larabci da nuni da hannu. Yarinya, baƙa, 'yar wannan tsayin, riga ruwan hoda. Uban yaran ya girgiza kai. Sai matarsa ta leƙo daga rumfa ta nuna da yatsa. Ta ce ta ga wata yarinya ɗazu tana tafe ita kaɗai tana kuka, ta yi wajen can.

Wajen can wani dogon harshen rairayi ne da ya miƙe cikin teku. Da rana ruwa yakan janye, mutane su taka su yi nisa suna tsintar bawon katantanwa.

Bawah ya kalli wurin, fuskarsa ta canza.

"Muttaka, ruwa ya fara cikowa."

Suka kwasa da gudu. Bilkisu na baya tana faɗuwa tana tashi, mayafinta ya tafi da iska. Bawah ya kunna fitilar waya ya haska ƙasa.

Ga sawu nan a kan jiƙaƙƙen rairayi. Ƙanana, na ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu.

Suka bi shi. Ya wuce inda jama'a suke. Ya wuce fitila ta ƙarshe. Ya hau harshen rairayin ya miƙe.

Bawah ya tsaya cak. Ya haska dama. Ya haska hagu. Ya dawo da hasken gabansa.

Sawun ya shiga ruwa.

Bai fito ba.